Motar Zamiya a Ƙasar Yashi

Ƙasar da za ta taka da hannun da zai gyara ta su ya kamata su zaɓa wa yaro motar rimot ta farko, ba hoton da ke jikin kwali ba.

Duk ƙarshen azumi, idan ma'aikata da 'yan kasuwa suka ɗauki hanyar Kano zuwa Katsina domin yin Sallah a gida, akwai wani sabon kaya da ya samu gurbi a cikin tsaraba, kusa da shadda da takalma: motar wasa mai rimot. A 'yan shekarun nan ma abin ya ƙara gaba, domin yaran birni sun kalli bidiyo a TikTok da YouTube, sun daina roƙon mota kawai, sai mai zamiya, wadda ke shan kwana a kaikaice tana jan gindi. Uba ya biya abin da aka ce, ya wuce Dawanau, ya wuce Bichi, ya sauke ta a Tsanyawa. Ranar Sallah yaran unguwa su yi dafifi a ƙofar gida. Kafin a gama cin tuwon Sallah ta fara ƙara, kafin a koma aiki ta tsaya cak, ta ƙare a saman kwaba ko a hannun mai gwangwan.

Yawancin iyaye kan ɗora laifin a kan yaro, su ce ba ya tattalin kaya, ko su ɗora a kan China, su ce kayanta ba su da ƙarko. Laifin na mai saye ne. Ya zaɓi na'urar da aka ƙera domin wata ƙasa daban, ya kai ta inda ba za ta rayu ba, kuma ya zaɓi wadda ba mai iya buɗe ta idan ta lalace. Asarar kuɗin ita ce ƙaramar asara. Babbar ita ce darasin da yaron ya ɗauka: cewa inji abu ne da ake sayowa daga nesa, a danna, idan ya mutu a yar. A gari irin Tsanyawa, inda yara suka gaji ƙera mota da hannunsu tun kaka da kakanni, wannan darasi koma baya ne da aka sayo da tsada.

Inda zamiyar ta fito

Abin da masu wasan ke kira dirif ya samo asali ne a Japan. A shekarun 1970 wani ɗan tsere mai suna Kunimitsu Takahashi ya yi suna wajen shiga kwana da gudu yana barin tayoyin baya su sulɓe, ya fita kwanar ba tare da ya rage wuta sosai ba. Matasa suka kwaikwaye shi a hanyoyin kan duwatsu da dare. Daga cikinsu aka samu Keiichi Tsuchiya, wanda bidiyon da aka ɗauke shi yana wasa da Toyota AE86 a 1987 ya yaɗa abin. A 2001 aka fara gasar D1 Grand Prix, sannan fim ɗin Tokyo Drift na 2006 ya kai shi kowane lungu na duniya, har da gidajen kallo na Kano. Wasan mota da samari ke yi a bukukuwan aure, wanda 'yan sanda suka sha yin gargaɗi a kansa saboda rayukan da yake ci, jikan wannan al'ada ne da ya taso babu tarbiyya.

Ƙaramar motar rimot ta bi sawun babbar. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka ya fitar da motarsa ta rimot ta farko, samfurin Porsche 934, a 1976. Da zamiya ta yi kasuwa, kamfanoni irin su Tamiya da Yokomo na Japan da MST na Taiwan suka shiga ƙera motoci na musamman dominta. Mafi shahara ita ce mai girman ɗaya bisa goma na motar gaske, tsawonta ya ɗan haura santimita 40.

Sirrin motar yana cikin tayarta. Motar tsere tana son taya mai laushi da ke kama ƙasa. Motar zamiya kuwa ana sa mata taya ta busasshiyar roba mai tauri da santsi, domin ta ƙi kama ƙasa da gangan. Ana kuma kwantar da ita ƙasa-ƙasa, tsakanin cikinta da daɓe bai kai santimita ɗaya ba. Waɗanda ƙwararru ke yayi a yau, irin Yokomo YD-2, tayoyin baya kaɗai ke tura su, kuma suna da wata 'yar na'ura da ake kira jairo, wadda ke jin lokacin da gindin mota ya fara kaucewa ta gyara sitiyari da kanta cikin ƙiftawar ido. Duk wannan tsari an gina shi a kan zato guda: cewa akwai shimfiɗaɗɗen wuri mai santsi, na gogaggen siminti ko tayil ko kafet, a cikin ɗaki, babu ƙura. A Japan da Turai masu wasan kan biya kuɗi su shiga irin waɗannan ɗakuna da aka tanada.

Ƙasar da za ta taka

Tsanyawa na cikin yankin nan na karkarar Kano da masana labarin ƙasa, irin su Michael Mortimore, suka daɗe suna nazari saboda yawan jama'a da yadda ake noma kowane taƙi na ƙasa shekara da shekaru. Ƙasar jigawa ce mai yashi, wadda gero da dawa da gyaɗa da wake ke so. Tsakar gida yashi ne, ƙofar gida yashi ne, filin makaranta yashi ne. Kwaltar da ke akwai ta manyan motoci ce, ba uban da zai tura ɗansa kanta da rimot a hannu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kawo ƙura mai laushi kamar gari wadda ke shiga har cikin agogo.

Idan aka ajiye motar zamiya a kan wannan ƙasa, tayoyinta masu santsi za su yi ta juyawa a wuri guda suna haƙa wa kansu rami, cikinta ya zauna daram a kan yashi. In an samu ɗan daɓen siminti a zaure, kaushinsa zai cinye tayoyin cikin 'yan kwanaki. Yashin da ya shiga tsakanin haƙoran giya zai riƙa niƙa su, ya toshe boris, inji ya yi ta ja da ƙarfi har ya ɗau zafi ya ƙone. Yawancin motocin zamiya na ƙwararru a buɗe giyarsu take, domin wanda ya ƙera su bai taɓa tunanin za su haɗu da yashi ba.

Sai maganar batir. Motocin zamani da yawa na aiki da batirin litiyam mai laushin jiki da ake kira LiPo. Yana da ƙarfi, amma yana da sharuɗɗa: kowane ɗaki nasa bai kamata ya wuce bolt 4.2 wajen caji ba, bai kamata a tsotse shi ƙasa da bolt 3 ba, in za a ajiye shi ya daɗe kuma a bar shi a wajen bolt 3.8. Yana buƙatar caja ta musamman mai daidaita ɗakunan. Idan aka huda shi, ko aka wuce da cajinsa, ko aka bar shi a cikin mota a rana, yana iya kumbura ya kama da wuta. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40 a inuwa. A ƙauyen da wutar lantarki ba ta da tabbas, inda ake kai waya shagon caji a jera ta da wasu hamsin a kan allo guda, ga ɗakin da ke cike da katifa da kayan sawa, miƙa wa ɗan shekara tara irin wannan batir ba tare da bayani ba sakaci ne da rai.

Kama da wane ba ta wane

Mai karatu na iya cewa ai abin da ake sayarwa a Sabon Gari ko Ƙofar Wambai ba waɗancan masu tsadar ba ne. Gaskiya ne, kuma nan ne matsala ta biyu take. Motocin rimot gida biyu ne. Akwai na 'yan wasa na gaske, waɗanda kowane ɓangare nasu da sukuru aka ɗaure shi, yana da lamba, ana sayar da shi daban. Akwai kuma na tsaraba, waɗanda aka liƙe cikinsu a kan allo guda, an narka roba an rufe, ba a yi su domin a buɗe ba. Na biyun ne suka cika kasuwa, da hoton hayaƙi da walƙiya a jikin kwali.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba su tun a shago. A juya sitiyarin rimot kaɗan. Idan tayoyin gaba suka juya kaɗan, suka kuma ƙara juyawa gwargwadon yadda aka ƙara, motar kirki ce. Idan kuwa suka faɗa dama gaba ɗaya ko hagu gaba ɗaya, babu tsaka-tsaki, to wannan ba ta koya wa kowa tuƙi, balle zamiya, wadda gaba ɗayanta aikin lallaɓa sitiyari da totur ne. Irin wannan juyi kawai take yi a wuri guda kamar kazar da aka yanka.

Ta gasken kuma kuɗinta ba na wasa ba ne. Motar zamiya mai girman ɗaya bisa goma, da rimot da batir da caja, takan ci wajen dala 300 kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. A wannan lissafi motar ta kai naira 450,000, fiye da albashin wata shida na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ranar da ɗan ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ya karye, kuma zai karye domin mai koyo sai ya daki bango, babu shi a Ƙofar Ruwa, babu shi a Farm Centre. Sai an yi oda ta intanet a jira makonni. Mai araha ba ta gyaruwa, mai tsada ba ta da kayan gyara a kusa. Duk wadda uba ya ɗauka ido rufe, ƙarshenta saman kwaba.

Abin da ake kashewa ba a sani ba

Kafin kwalin ya iso, yaran Tsanyawa suna da motoci. Bayan girbi, idan kara ya bushe, yaro kan feɗe ɓawonsa ya yi sanduna, ya yanka totuwa ya yi mahaɗa, ya tayar da motar kara da ƙofofi da bodi. Wanda ya fi shi wayo ya koma motar gwangwani ko ta langa-langa ko ta waya, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa, ya ɗaura doguwar sanda mai sitiyari a kai wadda ke juya tayoyin gaba da gaske yana tafe a tsaye. Wani ya tsinto ɗan injin tsohuwar rediyo mai kaset ya haɗa da batirin tocila, ta tafi da kanta.

Wanda ya karanta injiniya ya san sunayen abubuwan da yaron nan ke yi, ko da yaron bai sani ba. Yana gwada tsawon mota da faɗinta domin kada ta kife. Yana gano cewa taya babba ta fi ƙarama tafiya a yashi. Yana warware matsalar yadda juyin hannu zai zama juyin taya. Idan ta karye ya san inda ta karye, domin shi ya haɗa. Yana ƙera, ya gwada, ta lalace, ya sake, wanda shi ne tsarin da manyan kamfanoni ke kashe miliyoyi suna bi.

Ranar da motar rimot ta shigo unguwa, motar kara ta zama abin kunya. Yaron da jiya shi ne gwani, yau ɗan kallo ne a bayan layi yana roƙon a ba shi ya taɓa. Bayan kwana uku baƙuwar ta mutu, amma raini ya riga ya shiga. Ɗan birni ya koma Kano ko Abuja, na gida kuma an bar shi da tunanin cewa abin hannunsa alamar talauci ne.

Tarihin masu ƙira yana nuna akasin haka. Soichiro Honda, wanda ya kafa kamfanin Honda a 1948, ɗan maƙeri ne mai gyaran kekuna, a shagon ubansa ya fara, ya kuma yi zaman koyon kanikanci a Tokyo yana matashi. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya taso yana zanen motoci tun yana yaro, ya karanta zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit ta Amurka, ya shiga General Motors, aka san shi da zanen Chevrolet Volt, kafin a naɗa shi shugaban hukumar ƙira da bunƙasa motoci ta ƙasa a 2017. A 2007 kafafen labarai na duniya suka ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci. Abin da ya haɗa su shi ne sabo da zana abu, ko buɗe shi, ko haɗa shi da hannu.

Masu ja da wannan magana

Na farko zai ce: kuɗina ne, ɗana ne, ina laifi in faranta masa? Babu laifi a faranta wa yaro. Sai dai a tambaya, wa ake faranta wa? Sau da yawa motar saƙo ce ga 'yan uwa da maƙwabta cewa wane ya samu a birni. Farin cikin yaro na kwana uku ne, kukansa ya fi haka tsawo.

Na biyu ya fi ƙarfin hujja. Zai ce wannan yabon talauci ne, ana so 'ya'yan ƙauye su dawwama a kan kara alhali na wasu ƙasashe suna hulɗa da lantarki da kwamfuta. Wannan ƙorafi yana da gaskiya a ciki, domin kara ba zai koya wa kowa yadda siginar rediyo ke tafiya ba. Amma motar da aka liƙe ba ta buɗuwa ita ma ba za ta koya ba. Japan ɗin da ake misali da ita, tun 1982 Tamiya ke sayar wa yaranta ƙananan motocin Mini 4WD a warwatse cikin kwali, yaro ya haɗa da kansa, ya sauya giya da taya da inji ya je gasa. Hikimar motar kara ce aka zuba a roba aka sa mata batir. Abin da ake nema shi ne a ɗora lantarki a kan gwanintar da yaro ke da ita.

Na uku zai ce duk wasan banza ne, almubazzaranci, gara a saya masa littafi. Shi kuma ya manta cewa makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi, maƙwabciyar Tsanyawa, suna karɓar ɗalibai da suka haddace dokar Ohm ba su taɓa riƙe waya biyu sun haɗa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hannu ma haka.

Yadda ya kamata a zaɓa

Tambayar farko ita ce: a ina za ta yi tafiya? Idan a Tsanyawa ne, ko duk inda tsakar gida yashi ne, a manta da motar zamiya. A nemi mai dogayen ƙafafu, mai manyan tayoyi masu ƙurji, mai shokazoba, wadda giyarta a rufe take. Irin wannan idan ta shiga kwana a kan sako-sakon yashi da kanta take jan gindi, yaro ya samu zamiyar da yake so kyauta. Idan kuwa akwai falo mai tayil a birni, ƙaramar mota mai girman ɗaya bisa 28, irin WLtoys K969 mai jan taya huɗu, ta isa mai koyo, kuɗinta kuma bai kama ƙafar na babbar ba. Mai jan taya huɗu ta fi sauƙin sarrafawa. Wanda ya ga abin ya shiga ransa, ya koma mai turawa da baya daga bisani, da sanin cewa zai sake koyon hannu.

Tambaya ta biyu: tana buɗuwa? A juya ta a duba. In sukuru ne, madalla. In liƙi ne, a ajiye. A tambayi mai shago ko yana da taya da giya da batir nata. Kafin a yi oda daga waje, a tabbatar ana samun kayan gyaranta, a haɗo da waɗanda suka fi karyewa a cikin kwali guda. Ga matashi ko babba mai hali, wadda ake sayarwa a warwatse irin Tamiya TT-02 ta fi wadda aka gama haɗawa, domin kwana biyun da zai yi yana ɗaure ta su ne rabin amfaninta.

Ta uku: rimot da inji da batir. A zaɓi rimot mai aiki a kan 2.4GHz, domin motoci da yawa su yi wasa tare ba tare da siginarsu ta cakuɗe ba, kamar yadda tsofaffin masu 27MHz ke yi. A guji inji mai tsananin gudu, mai koyo ba gudu yake buƙata ba. Ga yaro, batirin NiMH ya fi LiPo haƙuri da ganganci. In LiPo ne dole, caji ya zama a gaban babba, a kan siminti, nesa da katifa, kuma duk wanda ya kumbura a daina amfani da shi.

Ta huɗu ita ce wadda iyaye ba su cika yi ba: a haɗa kyautar da sukudireba, da ɗan buroshi na share ƙura, da izinin buɗewa. A kai yaron wurin mai gyaran waya ko rediyo na kasuwar garin ya ga yadda ake liƙa waya da dalma. Motar tsaraba da ta riga ta mutu a gida ma ba shara ba ce: injinta da allon da ke karɓar sigina sau da yawa lafiyarsu lau, ana iya dasa su a motar gwangwani ta zama mai rimot. Kada kuma a ware 'ya'ya mata, domin rimot bai san jinsin mai riƙe shi ba.

'Yan asalin Tsanyawa da ke aiki a Kano da Kaduna da Abuja suna da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari, suna tara kuɗi a yi rijiya ko a gyara masallaci. Naira 450,000 ɗin da mutum ɗaya zai zuba a mota guda za ta sayi ƙananan injuna da wayoyi da batura da kayan aiki da za su ishi aji guda na ƙaramar sakandare. A ba malamin fasaha, a share daɓen aji ɗaya ranar Asabar, a ce kowace ƙungiya ta yara ta zo da motar da ta ƙera da kara ko gwangwani, a ba ta inji ta ɗora. Bayan girbi kara yana nan a tare a kowace gona, ba a biyan ko kwabo.